Ciyawa Mai Farauta A Fadamar Nguru

Matafiyin da ya tashi daga Kano ya nufi arewa maso gabas, ya wuce Ringim da Malam Madori da Birniwa, zai ga ƙasa tana ƙara yashi, itatuwa suna ƙara tazara, har ya soma zaton ba abin da ke gabansa sai hamada. Wannan ita ce hanyar da dogo ya bi, wanda aka kai Nguru a cikin 1930, tafiyar wajen kilomita 230, domin jirgin ƙasa ya riƙa kwaso gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu. Amma in ya isa Nguru ya ratsa gari ya fita, sai ya yi kaciɓis da ruwa shimfiɗe iyakar ganin ido. Ga masunta cikin kwale-kwale, ga shanun Fulani sun tsunduma har gwiwa suna kiwon burgu, ga dinya da kirinjijiya da zalɓe suna ta kai da kawowa. Wannan shi ne bakin babbar fadamar nan ta Haɗejiya da Nguru, wadda ta ratsa Jihar Jigawa da ta Yobe.

Ruwan fadamar daga nesa yake zuwa. Kogin Kano da na Chalawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, Kogin Jama'are kuwa daga tuddan Jos ya gangaro. Da suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai suka tarad da tsofaffin jigayin yashi sun tare musu hanya, saboda haka suka rarrabu rassa rassa, suna kewaya jigayin, suna cika kwazazzabai da tafkuna, kafin su sake haɗuwa su zama Kogin Yobe wanda ya wuce Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Ɗaya daga cikin rassan nan, watau Marma, shi ne yake shayar da Tafkin Nguru. A watan Agusta da Satumba ruwa kan yi ambaliya ya rufe ƙasa mai yawa, sa'an nan ya riƙa janyewa sannu a hankali cikin kaka da hunturu. A kan wannan zuwa da komawa na ruwa ne Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani suka gina zamansu: shinkafa a lokacin cikar ruwa, wake da alkama da kayan lambu a inda ya janye, su da kiwo kuwa kusan duk shekara.

Baƙon da ya zo nan, tsuntsaye ne suke fara ɗauke masa hankali, musamman da hunturu, sa'ad da dubban agwagin daji suke zuwa daga ƙasashen Turai gudun sanyi. Amma akwai wani abin mamaki a ƙarƙashin kwale-kwalensa wanda ba safai ake kula da shi ba.

Ciyawar da ba ta da saiwa

In aka bar babban ruwa aka kutsa cikin lungunan da ruwa yake kwance, garau, bai wuce ƙugu ba, a tsakanin faffaɗan ganyen bado za a ga waɗansu 'yan furanni rawaya sun ɗago kai kamar tsawon yatsa bisa ruwa. Kowane karan fure yana zaune a tsakiyar waɗansu 'yan kumburarrun rassa, biyar ko shida ko fiye, waɗanda suka yi masa zobe kamar tauraro, suna riƙe da shi kada ya nutse, kamar dai yadda gora take riƙe masunci. In aka sa hannu aka ɗago furen, sai wata doguwar ciyawa mai laushi ta biyo shi, ganyenta siri siri kamar zare, tsawonta kan kai mita ɗaya. Masunci ya san ta sarai, don takan sarƙe masa koma, ya yaɗe ta ya jefar.

Abu na farko da mai lura zai gani shi ne ba ta da saiwa ko guda. Bado yana kafe a cikin laka. Kainuwa ma, da ake yi wa kirari da dashen Allah, tana da gashin saiwa yana reto a ƙarƙashinta. Wannan kuwa yawo kawai take yi a cikin ruwa, ba ta riƙe da kome. Abu na biyu shi ne waɗansu 'yan jakunkuna da suke manne a jikin ganyen, ɗaruruwa, kowace ba ta wuce ƙwayar gero ba, watau milimita 1 zuwa 3. Na wajen goshin ciyawar kore ne fatsi fatsi, ana ganin cikinsu, na wajen gindi kuwa sun yi baƙi. Waɗannan jakunkuna tarkuna ne, baƙin da suka yi kuma ragowar abin da suka ci ne.

Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya tabbatar wa wannan dangi da sunan Utricularia a cikin 1753, daga wata kalmar Latin mai ma'anar 'yar ƙaramar salka. Sunan ya dace, don haka ba laifi a kira ta mai-salka. Dangin yana da iri fiye da 200 a duniya, yana cikin dangogin da suka fi yawa a cikin tsirran da suke cin nama. Wani masani na lambun Kew da ke Ingila, Peter Taylor, wanda ya yi shekaru da dama yana nazarinsu, ya lissafa iri 214 a littafin da ya fitar a 1989, an kuma gano waɗansu bayansa. Mai furen rawaya da zoben tauraro ita ce masana suke kira Utricularia stellaris. Tana da 'yar'uwa, Utricularia inflexa, mai fure fari ko mai ɗan shuɗi shuɗi. Dukansu biyu ana samunsu a tafkuna da kududdufan arewacin Nijeriya har zuwa Tafkin Chadi. Akwai kuma waɗansu ƙananan danginsu da ba su zama cikin ruwa, sai a kan jiƙaƙƙen yashi da duwatsu masu tsattsafo, irin na tuddan Jos inda Kogin Jama'are ya samo asali.

Yadda tarkon yake aiki

Wanda ya taɓa ganin wanzami yana yin ƙaho ba zai sha wuyar fahimtar wannan tarko ba. Wanzami yakan kafa ƙaho a jiki, ya zuƙe iskar da ke ciki, ya toshe ɗan ramin, sai ƙahon ya riƙa jan fata da jini saboda cikinsa ya zama wayam. Haka 'yar salkar nan take yi, sai dai ita ruwa take fitarwa. A cikin bangonta akwai waɗansu ƙananan gasu masu ƙafa huɗu huɗu, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girman abu. Ta jikin bangon ake tsotse ruwan ciki ana turawa waje, har wajen kashi 40 cikin 100 ya fita. Sai gefunan jakar su lotsa ciki, su zauna a ɗame suna neman komawa yadda suke. Bakin jakar yana da 'yar ƙofa wadda take buɗewa ta ciki kaɗai, an kuma liƙe gefenta da wani abu mai yauƙi don kada ruwa ya kutsa. A jikin ƙofar akwai 'yan gasu masu tauri sun miƙe waje, a kewayen bakin kuma akwai waɗansu dogaye masu rassa da suke karkato da ƙwaron da ke iyo zuwa wajen ƙofar.

To, tarko ya ɗanu. Da wani ɗan ƙwaron ruwa ya zo ya goga gashin nan, sai ƙofar ta lanƙwashe ta faɗa ciki, bangon ya buɗe, ruwa ya kwarara ciki da ƙarfi tare da ƙwaron, ƙofa ta koma ta rufe. A 2011 waɗansu masana na biranen Grenoble a Faransa da Freiburg a Jamus suka ɗauki hoton wannan aiki da na'urar da take ɗaukar dubban hotuna a sakan ɗaya. Suka tarar zuƙar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Ƙiftawar ido ta ɗan'adam ta fi haka daɗewa fiye da sau ɗari. A cikin dukan tsirrai masu tarko babu wanda ya kai wannan sauri, shi ya sa mai kallo da ido ba ya ganin kome, sai dai ya ga ƙwaro yana waje, sa'an nan ya gan shi a ciki.

Bayan an kama, sai gasun ciki su fitar da ruwan narkar da abinci, ƙwayoyin halitta da suke zaune a cikin jakar su ma su taimaka, naman ƙwaron ya narke, ciyawar ta tsotse. Ba ta jira sai ta gama ci kafin ta sake ɗanawa. Cikin minti 15 zuwa 30 an sake fitar da ruwa, tarko ya koma a shirye. Jaka ɗaya takan kama sau da yawa kafin ta cika da ɓawon ƙwari ta yi baƙi ta mutu.

Abin da take kamawa galibi 'yan mitsi mitsin halittun ruwa ne masu kama da ƙuma, da ƙananan tsutsotsi, da 'ya'yan sauro tun suna ƙanana. Wani lokaci iri masu manyan jakunkuna sukan cafke ɗan kifi ko ɗan kwaɗo sabon ƙyanƙyasa ta wutsiya ko ta kai, amma wannan bai taka kara ya karya ba, masunci ba shi da abin tsoro a nan. Haka kuma ko da yake tana cin 'ya'yan sauro, ba ta isa ta raba ƙauye da zazzaɓi ba, gidan sauro yana nan da amfaninsa. Masana sun kuma gano cewa tarkon yakan tashi shi kaɗai lokaci lokaci ba tare da wani ya taɓa shi ba, ya zuƙi gansakuka da garin fure da ɓurɓushin da ke yawo a ruwa, su ma su zama abinci.

Abin da ya sa ta farauta

Mai-salka koriya ce, tana haɗa abincinta da hasken rana kamar kowace ciyawa. Abin da take nema a jikin ƙwaro shi ne abin da manomi yake nema a buhun takin zamani, watau naitirojin da fosfaras. Ruwa mai garau, wanda ake ganin ƙasansa, bai cika ƙunsar waɗannan sinadarai da yawa ba. Ciyawar da take da saiwa takan nemo su daga laka. Wadda ba ta da saiwa kuwa sai ta nemi wata hanya, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Saboda haka ne take iya zama a inda waɗansu ba su iyawa. An lura cewa yawan tarkunan da take yi yakan canza bisa ga irin ruwan da take ciki da abincin da ke cikinsa, domin ɗana tarko yana cin ƙarfi ainun.

Girmanta ma abin kallo ne. Ta goshi take tsiro, tana fitar da sabon ganye da sababbin jakunkuna, ta baya kuwa tana ruɓewa. Ta haka tsawonta ba ya canzawa ƙwarai, amma kullum sabuwa ce. In filafilin masunci ko kofaton saniya ya tsinka ta, kowane guntu mai goshi sai ya zama ciyawa mai zaman kanta. Haka take yaɗuwa ta cika lungu cikin 'yan makonni in ruwa ya kwanta, rana kuma ta yi zafi. Igiyar ruwa takan ɗauki guntayen zuwa wani tafki, tsuntsayen ruwa ma suna iya ɗaukarsu a ƙafa ko a gashi.

Furen kaɗai ne yake fitowa sarari. Ƙwarin da suke sauka a kansa neman zaƙi ba abin da yake samunsu, don babu tarko a sama, su ne ma suke kai garin fure daga wannan zuwa wancan. In fure ya kaɗe sai ya bar ɗan ƙwanso cike da ƙananan iri. Danginta na ƙasashen sanyi sukan dunƙule goshinsu ya zama ƙwallo, ya nutse ƙasan ruwa ya kwana hunturu. Ta ƙasarmu ba sanyi ne abokin gabanta ba, bushewa ce. In kududdufi ya ƙafe da bazara ciyawar takan mutu ƙurmus, amma irin yana nan cikin busasshiyar laka har ruwa ya dawo.

An daɗe ba a gane ba

Masanan farko sun ɗauka jakunkunan nan don iyo ne, kamar gora. Sai a 1875 Ferdinand Cohn na Jamus ya bayyana cewa ya sa ciyawar cikin ruwa mai ƙwari, da gari ya waye ya tarad da su cikin jakunkunan. A wannan shekara kuma Charles Darwin na Ingila ya fitar da littafinsa a kan tsirrai masu cin ƙwari. Shi ya zaci ƙwarin ne da kansu suke tura ƙofar da kai su shiga. Wata mata a Jihar New Jersey ta Amurka, Mary Treat, wadda takan raba dare tana kallon jakunkunan ta madubi, ta rubuta masa cewa ita a ganinta tarkon ne yake yin aikin. Ita ce ta fi kusa da gaskiya. Bayan shekaru da dama Francis Lloyd na Jami'ar McGill a Kanada ya ɗauki tarkon a fim, ya yi cikakken bayaninsa a littafinsa na 1942.

Ruwan da ya canza hali

Mai-salka tana da sharuɗɗa: ruwa ya kwanta, ya zama garau, haske ya ratsa shi, kada ya yi zurfi ainun. Waɗannan lunguna su ne kuma renon 'ya'yan karfasa da tarwaɗa da bargi, waɗanda iyayensu suke biyo ambaliya su yi ƙwai a cikin ciyayi. 'Ya'yan kifin suna ɓuya a cikin sarƙaƙƙen ganyenta, suna cin irin ƙwarin da take ci. Inda aka ga furenta da yawa, to, akwai irin ruwan da kifin baɗi yake bukata.

Irin wannan ruwa kuwa ya ragu. An gama Madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama ta Chalawa a 1992. Madatsan sun shayar da birnin Kano, sun kuma rayar da noman rani a Kadawa da Kura da kwarin Haɗejiya, ba mai musun wannan. Amma sun riƙe ruwan damina da dā yake sauka gaba ɗaya. Ga kuma farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Sai ambaliya ta rage faɗi, ƙasar da ruwa yake rufewa ta tsuke ƙwarai in an gwada da yadda take a shekarun 1960.

Wani abin kuma da ba a zata ba ya biyo baya. Da yake ana sakin ruwa daga madatsan da rani domin masu ban-ruwa, rassan da a dā suke bushewa wata da watanni sai suka zama ba su rabuwa da ruwa. Wannan shi ne abin da kacala take so. Ciyawar nan mai tsawo fiye da mutum ta mamaye Marma da gefunan Tafkin Nguru da gonaki masu yawa, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Sakamakon haka waɗansu garuruwa ruwa ya yi musu yawa har ya ci gonaki da gidaje, waɗansu na ƙasa kuwa ya daina isa gare su. Kwale-kwale ba ya ratsa kacala, koma ba ta shiga, tsuntsayen jan-baki kuma sun sami maɓoya daga inda suke faɗa wa gero da shinkafa. A ƙarƙashin duhun kacala haske ba ya kai wa ruwa, ciyawa mai bukatar rana irin mai-salka ba ta da wurin zama. Haka kuma in takin zamani ya wanku daga gonaki ya shiga kududdufi, gansakuka takan yi yawa ta rufe ta, dabararta ta farauta ta zama ba ta da wani amfani a ruwan da abinci ya yi masa yawa.

Ba a zauna an naɗe hannu ba. An kafa shirin kiyaye fadamar Haɗejiya da Nguru a 1987. Wurin tsuntsaye na Dagona ya shiga cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Chadi wanda aka kafa a 1991. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da reshen Marma, kadada 58,100, cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Ramsar na Iran a 1971, shi ne kuwa wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Mutanen ƙauyuka sun sha fita aikin gayya da lauje da adda, cikin ruwa har ƙirji, suna yanke kacala don su buɗe hanya, hukuma ma ta sha kawo injunan yasa. Amma masana ruwa sun daɗe suna cewa yanka kaɗai ba ya isa, sai an tsara sakin ruwan madatsan yadda zai yi kama da na dā, watau ya zo da yawa da damina, a kuma bar rassa su sha iska da rani.

Wanda ya koma fadamar a watan Afrilu ko Mayu, ya je lungun da ya ga furanni rawaya da kaka, ba zai tarad da kome ba sai laka ta tsattsage, da sawun shanu, da busasshen ganyen bado. A ƙarƙashin lakar gaiwa tana kwance cikin kumbonta, tana numfashi ta ɗan rami. Kusa da ita irin mai-salka yana warwatse, ƙanana kamar ƙura. A bakin gari masunci yana zaune a inuwa yana ɗinkin komarsa. Su uku ɗin ruwa ɗaya suke jira, wanda zai taso daga Tiga da Chalawa da tuddan Jos. Allah ya kawo shi a kan kari, ya kuma ba waɗanda makullin madatsan yake hannunsu ikon tunawa da na ƙasa.